Rago Mai Ƙafa Uku da Rabi

Tun da aka kafa Birnin Kudu, tun da aka ɗora duwatsunta ɗaya bisa ɗaya, ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar yadda aka zalunci Malam Maikuɗi mai turare da huluna a safiyar nan ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma a shirye yake ya maimaita a gaban alƙali. An kawo masa koko babu sukari! Shi fa, Maikuɗi, mutumin da ƙamshinsa ke yin sallama kafin ya iso, mai gemun da ke shan lalle duk ranar Alhamis, mai hular da ba ta karkacewa sai da izininsa, shi aka miƙo wa koko salam kamar wanda ke kwance a gadon asibiti.

"Mairama!" ya kira matarsa. "Zo ki ga yadda ake kashe mutum a gidansa da rana tsaka!"

Mairama ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane. "Malam, da safe ne, ba rana tsaka ba. Kuma wadda take dama maka kokon kuka take yi tun jiya. Hawaye ne ya hana ta ganin gwangwanin sukarin."

"Kuka? Me aka yi mata? Ni dai abin da na sani alheri na yi."

"Alheri! Ka ji tsoron Allah, Malam."

Wadda ake magana a kanta ita ce Munawwara. Ba Maikuɗi ne ya haife ta ba, da ita Mairama ta shigo gidansa tana 'yar mitsitsiya, amma duk wanda ya kuskura ya kira ta agola a gabansa, ranar zai san cewa mai turare ma ya iya zagi. Shi ya raine ta, shi ya aurar da ita ga Abdulsamad. Da Allah ya karɓi ran Abdulsamad bayan gajeriyar jinya, shi ya je ya ɗauko ta da 'yarta Hawwa ya dawo da su gida.

Hawwa kuwa ita ce hasken idonsa. Yana kiranta Amarya, tana kiransa Tsoho, sunan da in wani ya faɗa sai an yi shari'a. Tun rasuwar mahaifinta yarinyar ta daina karɓar komai daga hannun namiji, ko da dabino ne, in ba daga hannun Maikuɗi ba. Kullum tana maƙale da wata tsohuwar hular sanyi shuɗiya ta Abbanta, wadda ta sha jiki har ta rabe gida biyu.

Ana nan sai ga wani direba daga Gwaram, Hambali, mai ɗaukar fasinja tsakanin can da nan, ya ga Munawwara ya ce shi duniya ba wadda yake so sai ita. Ita ma, in an ambaci sunansa, sai ta hau gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Amma ta ce ba za ta ɗaga ƙafa ba sai da albarkar Baba. Jiya kenan kawun Hambali ya zo da goro neman izini.

To, a nan ne Maikuɗi ya yi alherin da yake faɗa. Ya dubi goron, ya tuna cewa in Munawwara ta tafi Gwaram, da Hawwa za ta tafi. Sai ya tuna wani ragon wasa na saƙa da yarinyar ta taɓa gani a wayar uwarta ta nuna da yatsa. Ya shafa gemu, ya yi gyaran murya.

"Mun ji, mun gode. Sai dai mu a zuriyarmu muna da al'ada, tun daga kan kakan kakana. Duk wanda zai auri mace mai ɗa, sai ya saƙa wa ɗan abin wasa da hannunsa. Da kwarashi. In yaro ya karɓa, an ba shi mata. In ya ƙi, kowa ya kama gabansa."

"Kwarashi?" in ji kawun. "Wannan ɗan ƙarfen mai lanƙwasa da mata ke saƙa hular jarirai da shi?"

"Shi fa. Rago nake so. Mai ƙaho."

Da baƙo ya fita, Maikuɗi ya yi dariya har hularsa ta karkace ba da izini ba. Ƙulli biyu ya yi wa ƙofa: wane direba ne zai riƙe kwarashi? In ma ya riƙe, wace Hawwa ce za ta karɓa?

"Wane kakan kakan naka?" Mairama ta tambaye shi yanzu, tana tsaye a kansa. "Ni dai ban taɓa jin..."

"Mata ba sa sanin irin waɗannan abubuwan. Miƙo min sukari."

Ba a jima ba labari ya iso shagonsa cewa Hambali ya je kasuwar Gwaram ya sayi zaren ulu da kwarashi, har ya durƙusa gaban wata mai saƙar kayan jarirai ta nuna masa yadda ake kama zare. Maikuɗi ya ce ƙarya ne, sai ya gani. Ya rufe shago, ya sa baƙin tabarau don kada a gane shi, ya manta cewa ƙamshinsa ba ya sa tabarau, ya nufi tasha ya laɓe bayan rumfar mai shayi.

Ga Hambali can a cikin motarsa yana jiran layin lodi. Ƙato ne, hannuwansa kamar faranti, irin hannun da ke kwance taya ba tare da neman taimako ba. Ya jingine waya a kan sitiyari, wata mata tana ta bayani a bidiyo, shi kuma ya tattara gira yana bin ta. Kwarashin a tsakanin yatsunsa kamar tsinken sakace. Ya sa zare ya zagaya yatsa, ya zura ƙarfen, ya kamo, ya jawo, zaren ya kuɓuce. Ya sake. Ya matse saƙar kamar yadda yake matse birki a gangara, har ƙarfen ya ƙi shiga. Ya sassauta, sai ta yi rami-rami. A inda kowane zagaye ya fara ya soka tsinken ashana don kada ya ɓata lissafi.

Direbobi kuwa sun samu abin yi.

"Hajiya Hambali, a saƙa min safa, sanyi ya kusa!"

"Kai Dogara, bar ta, data take ƙonawa a kan soyayya!"

"Wallahi sai na ɗauke ka a waya, duniya ta gani!"

Hambali bai ɗago ba. Leɓensa kawai ke motsi yana ƙirga. Can sai ya tsaya, ya ɗaga abin da ya saƙa, wani ɗan ƙoƙo kamar rabin ƙwallo, ya juya shi a hasken rana. Ya zare kwarashin, ya kama bakin zaren ya ja. Tsrrr! Gaba ɗaya ya warware.

"Kai!" in ji Dogara, dariyar ta tsaya masa. "Aikin tun safe ka rushe?"

"Na tsallake ido ɗaya a can ƙasa," in ji Hambali. "In na cusa auduga, ta nan za ta riƙa fitowa. Yarinya ce, a baki za ta sa."

Ya naɗe zaren a hankali, ya sake ƙulla zoben farko.

Maikuɗi ya zo da dariya cike da ciki, amma ya neme ta ya rasa. Ya koma shago yana faɗa wa kansa cewa zafin rana ne.

Bayan wasu kwanaki sai ga Hambalin da kansa a ƙofar shago. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, yatsunsa biyu naɗe da filasta.

"Baba, barka da kasuwa. Turare nake so. Miskin nan mai jan marfi."

Maikuɗi ya ji wani abu ya soke shi. Turaren marigayi Abdulsamad kenan, tun da ya rasu ba wanda ya sake tambayarsa. Ya lalubo kwalbar can bayan kanta, ya busa ƙurar da ke kanta.

"Au, har ƙamshin mamaci za ka ara? Da shi za ka yaudari yarinya?"

Hambali ya sunkuyar da kai. "Ba ni zan shafa ba, Baba."

Maikuɗi bai tambayi wa zai shafa ba. Manya ba sa tambaya, ana kawo musu labari ne.

Labarin da aka kawo masa kuwa da ƙafarsa ya zo. Inna Saudatu, mahaifiyar Hambali, ta sauka daga motar Gwaram ta shigo gidan da sallamar da ba ta jira amsa ba. Ta ƙi zama a kan tabarmar da Mairama ta shimfiɗa, ta ƙi kallon ruwan da Munawwara ta kawo a durƙushe.

"Malam Maikuɗi, ɗana guda ɗaya tilo kuka mayar min abin dariya! Hotonsa a kowace waya, yana saƙa kamar mai jego! Ko gidan suna na shiga sai a hau ƙus-ƙus. Na tambayi tsofaffin garin nan, na aika har Wurno, ba wanda ya taɓa jin wannan al'ada taku!"

Mairama ta dubi mijinta. Kallo ne mai cewa: ga ƙofa a buɗe, fita da mutuncinka. Kalma ɗaya ce ta rage, ya ce wasa yake yi, a yi dariya a sha ruwa. Amma ina! Ya riga ya ba da labarin kakan kakansa a majalisa, har ya ƙara da cewa shi kakan raƙumi ya saƙa. Ya gyara hula.

"Inna, al'adar cikin gida ce. Ba a tallanta a kasuwa."

"To shi kenan!" Inna Saudatu ta tafa hannu. "Na hana shi, ya yi ta ba ni haƙuri har na gaji. Ranar Juma'a zai kawo abin, da ni za a zo. In yarinya ta ƙi, wallahi ban yafe masa ba in ya sake taka ƙofar gidan nan. Kun ji na rantse!"

Tana fita Munawwara ta zube a gaban Maikuɗi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, don girman Allah! Ka san Hawwa ba ta karɓar abu a hannun kowane namiji sai kai. Ban taɓa saɓa maka ba, kuma ba zan fara yau ba. In ka ce a'a, na haƙura. Amma Baba, mutumin nan bai yi mana laifin komai ba..."

"Al'ada ce, 'yar nan, ba ni na..." Ya tashi ya shige ɗaki, yana mitar cewa an tara masa mata ana neman sa masa hawan jini.

Ranar Alhamis ko lallen gemu bai yi daɗin shafawa ba. Ya zauna a zaure, Hawwa ta hau cinyarsa tana ja masa gemun, rabin hular Abbanta a ɗaya hannun. Ya dube ta. In ta tafi, wa zai riƙa tashinsa da safe da jan gemu? Wa zai riƙa buɗe masa kwalabe yana faɗa yana jin daɗi? Ya sa hannu a aljihu ya zaro alawa mai tsinke.

"Amarya, gobe in wani ƙato ya kawo miki abu, me za ki ce?"

Ta dubi alawar. "Me zan ce?"

"Ki ce, ba na so."

"Ba na so." Ta karɓe. "Tsoho, ƙaro ɗaya."

Ya ƙara. Ƙulli na uku kenan, ya ce a ransa, ko da yake bai san dalilin da ya sa ƙirjinsa ya yi nauyi ba.

Bayan an sauko daga Juma'a aka hallara a tsakar gida. Inna Saudatu a gefe, fuska a ɗaure. Mairama a bakin ƙofar ɗaki, Munawwara a bayanta ta rufe fuska da mayafi. Maikuɗi a kan kujera cikin babbar riga, Hawwa ta ɓuya a cikin hannun rigar. Hambali ya durƙusa, ya buɗe wata baƙar leda.

Maikuɗi ya tanadi dariyarsa tun safe. Kuma da abin dariya: farin zaren ya koma ruwan ƙasa saboda hannun da ke taɓa inji. Ƙaho ɗaya ya naɗe da kyau, ɗayan ya miƙe kamar yana tambayar hanya. Ƙafafu uku daidai, ta huɗun rabi ce, har ragon ya tsaya a karkace kamar motar da tayarta ta sace.

Amma Maikuɗi ya shekara yana juya huluna a hannunsa, ya san abin da zare ke faɗa. Ya karɓi ragon ya duba. Daga wajen wutsiya saƙar ta yi gargada, nan a matse, can a sake, kamar hanyar ƙauye da damina. Yana matsowa tsakiya sai ta fara daidaita. Kafin ya kai wuya ta zama sumul, ido bayan ido a jere kamar sahun salla. Duk wahalar mutumin tana nan a rubuce a jikin ragon, daga ranar da bai iya komai ba har ranar da ya iya. Idanun ma ba maɓalli ya sa ba, baƙin zare ne ya ɗinka, don kada a ɓalle a haɗiye. Ya matsa cikin, ya ji laushin audugar rimi, ko ɗigo ba ta leƙo ba.

"Ikon Allah," ya ji bakinsa ya faɗa ba da izininsa ba. "Da waɗannan hannuwan?"

"Zaren ne ya ƙare a ƙafar ƙarshe, Baba," in ji Hambali cikin jin kunya. "Na zaga kasuwa ban samu irinsa ba."

Hambali ya karɓi ragon, bai miƙa wa yarinyar ba. Ya ajiye shi a kan tabarma, ya ja da baya, ya kawar da kai gefe.

Hawwa ta leƙo. Ta dubi ragon, ta dubi ƙaton, ta dubi kakanta.

"Ba na so."

Munawwara ta saki wani ƙaramin kuka. Inna Saudatu ta miƙe tana gyara mayafi. "To, an gama. Hambali, tashi mu tafi." Hambali ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya yunƙura zai tashi, ya bar ragon a inda yake.

Maikuɗi ya ci nasara. Ya zauna yana jiran daɗin ya zo. A maimakon daɗi, sai hancinsa, wanda bai taɓa yi masa ƙarya ba, ya kamo wani abu a tafin hannunsa, inda ya matsa cikin ragon. Miski mai jan marfi.

Ya dubi hannun Hawwa: rabin hula. Ina ɗaya rabin? Ya dubi ragon. A ƙirjinsa, ta tsakanin idanun saƙar, wani shuɗi-shuɗi yana ɗan nunawa.

Shi kaɗai ya gane. In ya yi shiru, baƙi za su fita, Amarya ta zama tasa har abada. Inna Saudatu har ta kai bakin zaure.

Malam Maikuɗi ya sauko daga kujera, ya durƙusa a ƙasa da babbar rigarsa mai sitaci, ya ɗauki ragon ya kai shi hancin yarinyar.

"Amarya, sansana ki ji."

Ta shaƙa. Idanunta suka buɗe. Ta sake shaƙa, sai ta fizge ragon da hannu biyu ta cusa fuskarta a cikinsa.

"Umma! Ƙamshin Abbana! Abbana yana ciki!"

Mairama ta dafe ƙirji tana salati. Inna Saudatu ta dawo da baya a hankali, baki buɗe, tana kallon ɗanta kamar yau ta fara ganinsa.

"Rabin hular da ya yage na roƙa aka ba ni," in ji Hambali, kansa a ƙasa. "Na ɗiga masa turaren, na sa a ciki. Baba, ba zuwa na yi in cire mata mahaifinta ba. So nake ta taho da shi gidana."

Wani abu mai ɗumi ya gangaro ya shige cikin gemun Maikuɗi, ya ce turaren ne ya shiga masa ido.

Hawwa ta tako, ragon a maƙale a ƙirji, ta tsaya a gaban Hambali ta daɗe tana kallonsa. "Ƙafarsa ɗaya ba ta girma ba," ta ce.

"Za ta girma. In na samo zare, ke za ki riƙe min."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta juyo, ta zaro alawa ɗaya daga aljihun rigarta, ta miƙa wa kakanta.

"Tsoho, ungo alawarka. Na fasa cewa ba na so."

Idanu takwas suka juyo kansa.

"Wace alawa?" in ji Mairama a hankali.

Maikuɗi ya dubi sama, babu taimako. Ya dubi ƙofa, Inna Saudatu ta tare. Ya cire hula da hannunsa, abin da ba a taɓa gani ba.

"To, ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Babu wata al'ada. Kakan kakana ko igiyar akuya bai iya tufkawa ba. Ni na ƙirƙira, ni na ba yarinya cin hanci, don kada a raba ni da ita. Inna, ki yafe min. Munawwara, 'yata, ki yafe wa Babanki. Hambali, na ba ka, na ƙara ba ka, Allah ya yi muku albarka."

Inna Saudatu ta share ido da bakin mayafi. "Ni da na haife shi ban san yana da wannan haƙurin ba sai yau. Na yafe. Kuma duk Juma'a zai kawo maka jikarka, in bai kawo ba ni zan kawo ta."

Munawwara tana kuka tana dariya. Ita da Hambali sun yi haƙuri, ba su ɗaga murya ga iyaye ba, ba su bi ta bayan gida ba, sai ga shi Allah ya ba su abin da suke so ta hannun wanda ya tare hanyar. Haka abin yake: so na gaskiya ba ya gudun a yi masa dariya, kuma wanda ya riƙe nasa da ƙarfi don tsoron rabuwa, shi yake fara ɓata abin da yake tsoron rasawa.

Maikuɗi yana shirin mayar da hula ya ɗora nasa wa'azin a kai, sai ya ji an sa masa wani abu mai sanyi a tafin hannu. Kwarashi ne. Mairama ce ta karɓo daga ledar Hambali.

"Malam, ka ce duk wanda ya auri mace mai ɗa sai ya saƙa wa ɗan abin wasa. Da Munawwara na shigo gidan nan. Har yau muna jira."

"Ai yanzun nan na ce babu al'adar!"

"Da babu. Yanzu akwai, kai ka kafa ta. Raƙumi muke so, irin na kakan kakanka."

Ga shi nan har yau a ƙofar shago, tabarau a karan hanci, tsinken ashana a baki, surukinsa direba yana leƙowa daga mota yana cewa, "Baba, sassauta hannu, ka matse da yawa." Raƙumin ya fi kama da buta. Duk wanda ya tsaya, Maikuɗi zai ba shi labarin zaluncin da aka yi masa, wanda ba a taɓa yi wa kowa irinsa ba tun da aka kafa Birnin Kudu. In aka tambaye shi wa ya yi masa, sai ya ja zaren, tsrrr, ya warware, ya ce:

"Wa kuwa? Ni ne."